Mai Tsere da Zagagensa

Ran Asabar, 12 ga watan Oktoba, 2019, da ƙarfe takwas da kwata na safe, wani mutumin ƙasar Kenya mai suna Eliud Kipchoge ya tashi da gudu a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, bai tsaya ba sai da ya ci mil 26 da yadi 385. Da aka dubi agogo sai aka ga awa 1 da minti 59 da sakan 40. Tun da aka fara auna irin wannan tsere, wanda Turawa ke kira maraton, ba a taɓa samun ɗan Adam da ya gama shi ƙasa da awa biyu ba sai ran nan. Jama'a suka yi ta sowa, kafin azahar labari ya gama duniya. Amma hukumar da ke riƙe da littafin bajintar masu tsere na duniya ba ta rubuta wannan lokaci a littafinta ba, tun kafin a fara ma kowa ya san ba za ta rubuta ba. Babban dalili kuwa shi ne mutumin ba shi kaɗai ya yi gudun ba. Mutum 41 suka raka shi suna karɓeɓeniya, waɗansu a gabansa, waɗansu a bayansa.

Nan fa aka tā da wata tsohuwar gardama, wadda ta girmi tseren ƙafa nesa ba kusa ba. In mutum ya kai inda ba wanda ya taɓa kai wa, alhali kuwa da taimakon waɗansu ya kai, nasarar tasa ce ko tasu? Su kuma waɗanda suka taimake shi, mene ne hakkinsu?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin girman abin da a ke magana a kai. Mil 26 da yadi 385 shi ne kilomita 42 da 'yan kai, watau kusan nisan Kano zuwa Wudil, tafiyar da mai jaki zai yini yana yi. An tsai da wannan awo ne bisa ga tsawon hanyar da aka bi a wasannin Olamfik na Landan a 1908. Wanda ke so ya gama shi ƙasa da awa biyu sai ya riƙa cin ko wane mil cikin minti 4 da sakan 34, ko kuwa a ce mita 100 cikin sakan 17, ya yi haka sau 422 a jere, ba tsayawa shan iska. Saurayin da ke ji da ƙarfinsa ya gwada sau ɗaya tak a filin makaranta, ya ji yadda numfashinsa zai koma.

Su waɗannan 'yan rakiya, Turawa kan yi musu laƙabi da zomo, don su ne a gaba ana bin su. Amma sunan da ya fi dacewa da su shi ne zagage, gama aikinsu ya yi kama da na zagin da ke gaban dokin sarki. Shi ke gaba, shi ke buɗe hanya, idon jama'a kuwa yana kan mai dokin. Kaya biyu zagi ke ɗauke wa mai tsere. Na fari iska. Ko ran da ganye ba ya motsi, mai gudu da sauri yana tura iska da ƙirjinsa kamar yadda mai ƙetare kogi ke tura ruwa, wani kashi na ƙarfinsa kuwa nan ya ke ƙarewa. Wanda ya raɓa bayan wani, na gaban ne ke sha masa yawancin wannan wahala. Na biyu lissafi, shi kuwa ba a ganinsa da ido. Mai gudu shi kaɗai dole ya riƙa tambayar kansa ko ya yi garaje ko ya yi nawa. In ya yi garaje da fari, ƙafa ta mutu tun ba a kai ƙarshe ba, in kuwa ya yi nawa, lokaci ya wuce, ba ya komowa. Mai zagi ya huta da wannan duka, sai ya kafa ido a ƙeyar na gabansa, ya bi.

A Biyana an kai wannan dabara iyakarta. An raba zagagen bakwai bakwai. Biyar suna gaba, sun jeru kamar bakin gwafa, shi Kipchoge yana daidai gindin gwafar, biyu kuma suna biye da shi. In rukuni ya yi kamar mil uku sai ya zame, wani sabo wanda ya huta ya shigo, gudu bai yanke ba. A gabansu akwai mota ɗauke da agogo, tana zuba koren haske a kan hanya don ko wane zagi ya ga inda zai sa ƙafa. Mai keke ke miƙa masa abin sha yana cikin gudu. Hanyar ma zaɓenta aka yi, miƙaƙƙiya ce mai laushin hawa a cikin wani babban lambu da a ke kira Prater, itatuwa dama da hagun, aka yi ta kai da kawowa a kanta. Har ranar sai da aka dubi yanayin sama aka zaɓe ta. Wani kamfanin Ingila mai suna INEOS ya ɗauki nauyin kuɗin. Wannan kuwa shi ne gwaji na biyu, gama an yi irinsa a Monza ta ƙasar Italiya ran 6 ga Mayu, 2017, inda ya gama cikin awa 2 da sakan 25.

Da ganin wannan shiri sai waɗansu suka ce ai zamba ce, an ɗauki mutum an kai shi, sa'an nan ana yi masa kirari. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Zamba ba ta rabuwa da ɓoyo. A wasannin Olamfik na 1904 a Amurka, wani mai suna Fred Lorz ya gaji a tsakiyar maraton, ya hau mota ta ci masa kamar mil 11, ya sauka ya shigo fili da gudu shi ne na fari, jama'a na tafi, kafin asirinsa ya tonu. Wannan ita ce zamba, don ya bar mutane suna zaton ƙafarsa ta yi abin da mota ta yi. A Biyana kuwa ba a ɓoye kome ba. An faɗi sunayen zagagen tun kafin ranar, an nuna motar, an kuma gaya wa duniya cewa ba za a rubuta lokacin a littafi ba. Ban da haka, ba wanda ya ɗaga masa ƙafa ko sau ɗaya. Zagage 41 sun yi ta shiga suna fita suna hutawa, shi kaɗai ne ya tashi daga farko ya kai ƙarshe a kan wannan sauri. Ana iya tare wa mutum iska, amma ba mai iya ara masa huhu.

Duk da haka hukumar ba ta yi zalunci ba da ta ƙi rubutawa. Littafin bajinta kamar mudun kasuwa ya ke, amfaninsa duka shi ne ya zama ɗaya ga kowa. In mai awo ya auna wa wannan da babban mudu, ya auna wa wancan da ƙarami, ko da bai ɓoye ba, ba a iya cewa wane ya fi wane hatsi. Dokar tsere ta yarda da zagi, amma da sharaɗi: sai ya tashi tare da kowa tun daga farko, in ya gaji ya fita, ba a kuwa shigo da wani sabo a tsakiyar hanya. Abin sha ma akwai wuraren da aka ajiye domin sa, tseren kuma sai ya zama akwai abokan takara. Abin da dokar ke nufi a fili ya ke. Tana so ko wane mai tsere ya kai wani wuri inda taimako zai ƙare, ya rage daga shi sai hanya, don can ne a ke gane abin da ke cikin mutum.

Shi Kipchoge ya sha zuwa wannan wuri. A wasannin Olamfik ba a hayar zagi, kowa tasa ta fisshe shi, kamar yadda Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci maraton a Roma a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16. A irin wannan fage Kipchoge ya ci zinariya sau biyu, a 2016 da 2021. Ran 16 ga Satumba, 2018 kuma, a Barlin ta ƙasar Jamus, zagagensa suka gaza da wuri, na ƙarshensu ya fita a kilomita 25, ya ci sauran kilomita 17 shi kaɗai, ya gama cikin awa 2 da minti 1 da sakan 39. Wannan aka rubuta a littafi, don a lokacin ba wanda ya taɓa yin kamarsa. To, in aka ɗebe lokacin Biyana daga na Barlin, abin da ya rage minti 1 ne da sakan 59. Ba duka ne na zagage ba, gama hanya da yanayin sama da sabon takalmi suna da nasu rabo. Amma ko an ba su duka, mai hankali ya dubi rabon: minti biyu ba sakan ɗaya daga wajen masu taimako, sauran kuwa daga ƙirjin mutum guda. Sai dai waɗannan minti biyu su ne tsakanin abin da aka saba gani da abin da ba a taɓa gani ba, sabo da haka ba a raina su.

Kada kuma a ɗauka iyakar da dokar ta shata daga sama ta sauko. Mutane ne suka zauna suka shata ta, kuma ba yau aka fara jayayya a kanta ba. A 1953 wani ɗalibin likita a Ingila, Roger Bannister, yana neman ya zama na fari da zai ci mil ɗaya ƙasa da minti huɗu. Aka shirya masa tsere inda abokinsa Chris Brasher ya riƙa tafiya sannu sannu da gangan har aka kewayo aka tarad da shi, sa'an nan ya ja gaba da sabon ƙarfi. Lokacin ya yi kyau, amma hukumar Ingila ta ƙi karɓa, ta ce wannan ba tsere ba ne na gaskiya. Da shekara ta kewayo, ran 6 ga Mayu, 1954, a Oksfod, suka sake shiri. Brasher ya ja kewaye biyu na fari, wani abokin nasu Chris Chataway ya karɓa, da aka kusa ƙarshe Bannister ya wuce shi, ya gama cikin minti 3 da sakan 59 da ɗan ɗori. Wannan karon aka karɓa, sunansa ya gama duniya. Ga mutumin ɗaya, ga niyyar ɗaya, har Brasher ɗin ma shi ne dai. Abin da ya sāke kaɗai shi ne a karo na biyu zagagen sun ɗauki wahalar tun daga tashi, ba wanda ya ɓoye ƙarfinsa ya jira a hanya. Siririn bambanci ne ƙwarai, amma a kan irinsa a ke gina yawancin dokokin zaman jama'a, kuma gara siririyar iyaka da kowa ya sani da a ce babu.

In ma za a bi taimako har asalinsa, ba inda za a tsaya. An haifi Kipchoge a 1984 a ƙasar Nandi ta Kenya, uwarsa malamar makaranta ce, ita ta rene shi bayan rasuwar ubansa. Yana yaro da gudu ya ke zuwa makaranta, ya kuma yi tallan madara a kan keke. Maƙwabcinsu Patrick Sang, wanda ya ci azurfa a wasannin Olamfik na 1992, shi ya fara rubuta masa tsarin koyon gudu, ya zama malaminsa shekara da shekaru. Ba wanda ya taɓa cewa a soke bajintarsa don yana da uwa ko malami. Taimakon da ya shiga jikin mutum ya zama nasa, kowa ya yarda da shi. Wanda a ke gardama a kai shi ne wanda ke tsaye kusa da shi a ranar gwaji.

Akwai wani gefen maganar wanda ya fi wuya, mutane kuwa ba su cika kula da shi ba, watau halin shi zagin kansa. Ga mutum lafiyayye, gwanin gudu, ya shiga tseren da ya san ba zai gama ba. Ya ba da ƙarfinsa a sashen da ba a tafi, ya zame gefe yana haki daidai lokacin da 'yan kallo suka fara miƙewa. Gobe jarida ta buga hoton wani. Mai saurin hukunci sai ya ce, ai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A kan na Biyana wannan karin magana bai zauna ba. Ba ƙananan mutane aka tara ba. A cikinsu akwai Matthew Centrowitz na Amurka, wanda ya ci zinariyar mita 1,500 a Olamfik na 2016, da Bernard Lagat, tsohon zakaran duniya, da Selemon Barega na Habasha, da 'yan'uwan nan uku na gidan Ingebrigtsen daga ƙasar Norwe. Ko wanensu sarki ne a nasa fagen, da son ransa ya zo ya yi zagi na yini ɗaya, kamar yadda manomi mai gonar kansa kan tafi gayyar maƙwabci. Zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara. Amma yawancin zagagen da ke jan manyan tsere a biranen Turai ba irin waɗannan ba ne. Samari ne daga Kenya da Habasha waɗanda ba su yi suna ba tukuna, ladan zagi shi ne abincinsu da na iyayensu. A nan ne tambayar hakki ke da nauyi, don mai suna in an manta da shi yau gobe a tuna, mara suna kuwa in an manta da shi shi ke nan.

Aikin kuwa ba na ƙarfi kaɗai ba ne, amana ce. An ce da shi ya kai rabin hanya cikin minti kaza, ba ƙari ba ragi. In ya ji ƙarfi ya ɗara, don ya nuna wa masu kallo ko shi wane ne, ya kashe wanda ya zo taimako, wahalar wata da watanni ta tafi a banza. Sai ya danne son nuna kai, ya tafi daidai yadda aka umurce shi, ko da ƙafarsa na ƙaiƙayi. Mutumin da ya iya wannan ya mallaki wani hali da zakaru da yawa ba su da shi.

To, in zagi ya kai inda aka yi alkawari, ya ga da sauran ƙarfinsa, ya halatta ya ci gaba ya nemi nasara don kansa? Abin ya taɓa faruwa. A 1994 a birnin Los Angeles na Amurka, wani zagi mai suna Paul Pilkington ya ja gaba, manyan suka ƙyale shi suna zaton zai fita, bai kuwa fita ba, ya ci tseren ya karɓi kyautar. A 2003 a Barlin, Sammy Korir ya yi wa ɗan ƙasarsu Paul Tergat zagi, da aikinsa ya ƙare sai ya zarce, suka yi ta fafatawa har bakin layi. Tergat ya gama cikin awa 2 da minti 4 da sakan 55, ya zama na fari da ya sauka ƙasa da awa 2 da minti 5, Korir na bayansa da sakan ɗaya tak. Dokar tsere ba ta hana ba, tun da zagi ma ɗan takara ne, da lambarsa a ƙirji. Ta wajen mutunci kuwa, abin dubawa shi ne alkawarin da aka ƙulla. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma in an gama askin ba a ce wanzami ya zama bawa ba. Wanda ya yi alkawarin fita a wuri kaza, ya fita. Wanda aka ce da shi ja kawai, ya kuwa ja da gaskiya bai rage ƙarfi don kansa ba, sauran hanyar tasa ce. Manyan da Pilkington ya bari a baya ba su da wanda za su zarga, su ne suka ɗauka na gabansu ba mutum ba ne, agogo ne mai ƙafa. Tergat kuwa da wuya ya yi fushi da Korir, gama mai yiwuwa ne tsoron a wuce shi ne ya fitar masa da sakan ɗin ƙarshe da suka sa sunansa a littafi.

Abin da ke wuyan mai dokin kuma ba ya wuce abin da ko wane mai gida ya sani game da waɗanda ke yi masa aiki: a biya abin da aka yi ciniki, a ambaci sunansu a inda a ke ambaton nasa, kada kuma a tare musu hanya ran da tasu ranar ta zo. A Biyana, da ya rage 'yan ɗaruruwan mita, zagagen suka buɗe suka koma baya, suka bar masa hanyar shi kaɗai, suna biye suna ɗaga hannu suna ihu kamar su ne suka ci. Da ya sami bakin magana, godiya gare su tana cikin abubuwan da ya fara faɗi. Masu zuwa sansanin da ya yi shekaru yana koyon gudu a Kaptagat sun sha ba da labarin cewa yana shiga layin shara da wanke makewayi kamar ko wane yaro na wurin. Laifin mantuwa yawanci ba na zakara ba ne, na 'yan kallo ne, waɗanda kansu ba ya iya riƙe suna fiye da ɗaya. Daga cikin dubban da suka yi sowa ran nan, da wuya a sami wanda zai iya kawo sunan zagi biyar cikin 41.

Zagagen Bannister dai ranarsu ta zo. Cikin watan Oktoba na 1954 ɗin nan Chataway ya kafa bajintar duniya a tseren mita 5,000 a Landan, da shekara ta ƙare kuma shi gidan rediyon BBC ya ba kyautar gwarzon wasanni, Bannister na bayansa. Brasher ya ci zinariya a wasannin Olamfik na 1956 a ƙasar Ostireliya, a tseren da a ke tsallake shinge da ramin ruwa. Bayan shekara 25, a 1981, shi da wani abokinsa John Disley suka kafa maraton na birnin Landan. A tseren farko mutum biyu, Dick Beardsley na Amurka da Inge Simonsen na Norwe, suka yi ta ja har ƙarshe ba wanda ya kuɓuce wa wani, suka riƙe hannun juna suka ƙetare layi tare, aka ba su na fari su biyu. Wannan tsere na Landan Kipchoge ya ci shi sau huɗu, a 2015 da 2016 da 2018 da 2019.